Rawar Sitiyari a Hanyar Kaduna

Ƙarfe goma da minti ashirin da biyar na safiyar wata Asabar motar Baba ta fara rawa. Na riƙe lokacin ne saboda a makon nan aka ɗaura mini agogo na farko a rayuwata, kuma ba ni da wani aiki a kujerar baya in ban da kallonsa. Muna kan hanyar Kaduna, ba mu jima da baro Zariya ba. Baba na tuƙi. Kawu, ƙanen mahaifiyata, na gefensa yana koya masa tuƙin, shi da duk duniya bai taɓa mallakar abin hawan da ya wuce keke ba, keken ma da ƙafa yake taka masa birki.

Kibiyar maleji na hawa hamsin da biyar, sai sitiyari ya kama karkarwa a hannun Baba kamar mai masassara. Madubi ya ɗauka. Goron da Kawu ya ajiye a gaban mota ya gangaro ya faɗa tsakanin ƙafafunsa.

"Malam, tsaya! Taya za ta fita!"

"Wace tayar?"

"Duk wadda Allah ya nufa. Ni dai tsaya in sauka."

Baba ya ɗaga ƙafa daga totur. Kibiya ta sauko arba'in, mota ta nutsu kamar ba ita ba. Ya sake takawa, ta sake kamawa. Sau uku yana tambayarta, sau uku tana ba shi amsa iri ɗaya. Daga nan ya gangara gefen titi, suka fita su biyu suka zagaya motar, kowa ya shuri taya da takalminsa, domin a zamanin wannan shi ne cikakken binciken da maza ke yi wa mota. Tayoyin ba su ce komai ba. Muka juya gida a arba'in, manyan motocin gyaɗa suna wuce mu suna danna mana ham.

Ni ce dalilin fitowarmu ran nan. An aiko mini takardar kiran intabiyu daga wata makarantar horon malamai mata a Kaduna, ranar wata Litinin, saura mako uku. Baba akawu ne a ofishin gona, kuma mutum ne da ba ya zuwa wuri sai ya fara zuwa ya ga wurin. Ƙofar makarantar kawai za mu je mu kalla mu dawo, don kada ranar intabiyu mu tsaya tambayar hanya a gaban mutane.

To, tun ina firamare Baba ya rantse a gaban jama'a cewa 'yarsa ba za ta shiga motar haya ba, ta zauna cinya da cinya da ƙattin da bai san iyayensu ba. Ran nan kuma, a gefen titi, Kawu na tsaye yana shaida, ya ƙara ta biyu.

"Wallahi motar nan ba za ta kai Uwata Kaduna ba sai ta bar wannan rawar."

Uwata yake ce mini, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, ba ya iya kama shi. Ya yi rantsuwar ne don ƙauna, wannan ban taɓa shakka ba. Sai dai da aka haɗa ta da ta farko, abin da ya rage mini shi ne in tafi Kaduna a ƙasa. Mahaifiyata ta kawo zancen jirgin ƙasa. Ya ce, "Jirgin na gidanmu ne? Shi ma haya ne, har ya fi mota yawan ƙatti." Na roƙe ta ta faɗa masa cewa a arba'in motar ba ta rawa, in mun yi sammako za mu isa da lokaci. Ta faɗa masa. Ya ce, "Ciwon da ya ɓuya a arba'in warkewa ya yi?" Aka rufe zancen.

Motar ta hannu ce, ruwan toka, Baba ya saye ta wurin wani Bature malamin jami'a da zai koma ƙasarsu. Gidanmu a Ƙofar Kibo yake, a lungun da aka yanka tun kafin a san za a yi abin hawa mai ƙafa huɗu da ba jaki ba. Don ta sami wurin kwana aka fasa katangar garken awaki, aka yi mata gareji mai ƙofa biyu, babba a waje, ƙarama a cikin gida. Awakin ba su taɓa yafewa ba. Matan gida kuwa suka samu wurin shanya da ba su taɓa samun irinsa ba. Baba na rufe babbar ƙofa da kwaɗo biyu ya tafi masallaci hankalinsa kwance, ta ƙaramar kuma ana shimfiɗa kuɓewa a kan murfin inji.

A ɗakin Kaka nake kwana, mahaifiyar Baba, wadda aka sa mini sunanta. Ɗinkin hula take yi, idonta kuwa ya fara gajiya. Kowace safiya kafin in tafi makaranta sai na sa mata zare a allura goma, na jera su a jikin matashi, ta wuni tana zara ɗaya bayan ɗaya. Kaka ba ta yar da komai. Ƙarƙashin gadonta akwai ƙusoshi da ta miƙe da dutse, da murafen kwalba, da hannun kofin da shi kofin ya mutu tun kafin a haife ni. A ganinta duk abin da ke zaune ba ya aiki, jiran ta yake ta sama masa. Ko a makon da motar ta fara rawa, ita ce ta aika aka liƙe wa Baba butarsa ta ƙarfe, wadda ya gada daga mahaifinsa, bayan ya yi wata biyu yana ƙorafin tana yoyo. Har ya tsaya a tsakar gida yana sanarwa cewa a gidan nan mahaifiyarsa kaɗai ta san yana raye.

Duk gidan nan Kaka ce kawai nake iya yi wa magana doguwa. A gaban Baba muryata maƙalewa take yi. In baƙo ya yi sallama, ni ce farkon shigewa bayan ƙofa. Abin da na kasa faɗa sai in rubuta. Ina da wani ɗan littafi mai bangon shuɗi da nake zuba komai a ciki, kuma ran nan da muka dawo na rubuta: goma da ashirin da biyar, hamsin da biyar, sitiyari.

Bakanike na farko a Tudun Jukun yake. Bai ko kalli ƙasan motar ba. Ya buɗe murfin inji, ya kara kunne kamar likita, ya girgiza kai.

"Alhaji, fulogi ne."

Baba bai je Makka ba a lokacin, amma duk mai mota Alhaji ne a gareji. Aka canza fulogi, aka wanke kafireto. Bakaniken ya tayar da inji, mota na tsaye a inuwar dalbejiya, ya taka totur har tsuntsaye suka tashi. Ya nuna sitiyari.

"Ka gani? Ko motsi."

Motar da ba ta taɓa rawa a tsaye ba, ga shi an warkar da ita daga rawa a tsaye. Baba ya yi godiya. Washegari ya fita gwaji shi da Kawu, suka dawo Kawu na riƙe da hularsa a hannu.

Na biyu shi ne ya sama mini aiki. Ya ce motar ba ta da nauyi a baya, shi ya sa gabanta ke wasa. Ya ce Turawa sun ƙera ta ne don manyan mata da karnuka. Aka saka buhun masara a but, wurin kaya na bayan mota. Baba ya duba ya ga kamar bai isa ba, ya ɗaga murya ya ce, "Uwata, zo ki zauna a baya." Daga ran nan na zama ƙarin nauyi. Duk gwajin da za a fita, ni da buhun masara muna baya, kuma a cikinmu ba wanda aka taɓa tambaya ra'ayinsa. A hanyar Kano ake gwajin, domin rantsuwar Kaduna ta ambata. A hanyar Kano ko taya ta fita da ni a ciki, Baba ba shi da kaffara.

Ban yi ƙorafi ba, domin daga kujerar baya ana ganin maleji ta saman kafaɗar Baba. Na riƙa rubutawa. Rawar na farawa a hamsin da biyar. Ta fi tsanani a sittin. Wata rana Kawu ya ce Baba tsoron motar yake ji, Baba ya fusata ya take ta har kusan saba'in, sai rawar ta lafa. Kawu bai lura ba, yana salati ido rufe. Na rubuta cewa kujerar da nake kai ba ta girgiza, hannun Baba ne ke girgiza. Wata rana kuma a wata gangara Baba ya cire giya ya bar motar tana gangarawa da kanta, inji ya yi shiru, amma sitiyari bai fasa rawarsa ba. Wannan na ja masa layi biyu a ƙasa. Ban san me yake nufi ba, na dai san in inji ya yi shiru rawa ba ta yi ba, to ba shi ke kiɗan ba.

Bayan la'asar nakan zauna a bakin gadon Kaka in karanta mata abin da na rubuta, tana ɗinki.

"Takwara, wannan duk a kan mota?"

"Eh, Kaka."

"Da haka kike rubuta abin da nake aikenki, da ba ki dawo mini da baƙin zare a maimakon kore ba. Ci gaba, ina ji."

Na uku ya ce farfela ce, dogon ƙarfen nan da ke juyawa a ƙarƙashin mota. Ya ce aiki ne na natsuwa, a bar masa ita kwana huɗu. Ta dawo da ƙanshin turaren da ba na gidanmu ba, da ɗankunne guda a ƙarƙashin kujera, maleji kuma ya ƙaru da tafiyar da ta isa Funtuwa a dawo. Na san haka domin na rubuta lambar kafin a kai ta. Farfelar dai an goge ta tana ƙyalli. Rawa na nan.

Daga nan Kawu ya karɓi ragamar binciken. Ya ce tun farko ya sani, shiru kawai ya yi don kada a ce ya cika magana. Bakin mutane ne. A unguwar da kowa ke tafiya a ƙasa, mutum ya fasa katanga don mota, me ake jira? Ya zo da garwashi a kasko da wani ƙullin turare, ya rufe gilasai, ya turara motar har kuɓewar da aka manta a ciki ta canza ɗanɗano. Mun yi mako muna shan miya mai ƙanshin kariya. Motar ta ci gaba da rawa a hamsin da biyar, sai dai yanzu tana yi tana ƙamshi.

Kwanaki na tafiya. Takardar intabiyu na cikin littafina, na ninke ta na buɗe har ta fara yagewa a tsakiya. 'Yan ajinmu biyu da aka kira tare da ni sun riga sun san motar da za su shiga a tasha. Ni kuwa ina da mota tawa ta gidanmu, da direba, da mai ba direba shawara, da buhun masara.

Ranar Alhamis, saura kwana huɗu, wani abokin aikin Baba ya ce ya gwada wani tsoho a Wusasa, wanda ya yi shekaru yana gyaran motocin mishan. Kawu ya tura baki, ya ce abin da ya gagari Musulmi uku da turare. Baba ya ce masa in ba zai je ba ya sauka. Bai sauka ba.

Tsohon ba shi da gareji. Wata bishiyar mangwaro ce a bayan gidansa, ana hango hasumiyar coci daga wurin, da benci, da akwatin kayan aiki wanda kowane sifana ke da gurbinsa. Ina ganin akwatin nan na ji hankalina ya kwanta. Ya gaisa da Baba da Hausar da ta fi ta Kawu tsabta, ya ce a ba shi labari.

Baba ya ce tana rawa. Kawu ya ce ba rawa ba ce, tsalle ne.

"A nawa take farawa?"

Baba ya ce in ana gudu. Kawu ya ce wani lokaci ko a tsaye yana jin ta a jikinsa.

"A sitiyari ko a kujera?"

"Ko'ina," in ji Kawu. "Har a haƙori."

Tsohon ya zagayo gefen motar. Ya leƙo ta tagar baya, ya gan ni, ya ga littafin da na ƙanƙame a ƙirji.

"Malama, ke fa? Na ga kamar ke ce mai rajista."

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Abin da na iya kawai shi ne na miƙa masa littafin ta taga, kaina a ƙasa. Baba ya ce, "Ai yarinya ce, zane-zanenta take yi." Tsohon ya ciro tabarau ya zauna a benci, ya karanta shafi huɗu. Da ya zo wurin da na ja layi biyu, ya ɗora yatsa a kai.

"Malam, mako nawa ka yi kana yawo da motar nan?"

"Kusan uku."

"Da mai gyaran a kujerar baya."

Ya sa aka sauke buhun masara. Ya ɗaga gaban motar da jak, ya cire murfin wili, ya kira ni da hannu. Ni, ba Baba ba. Ya juya tayar hagu, ya bar ta ta tsaya da kanta, ya yi alama da alli a ƙasanta. Ya sake juyawa. Alamar ta dawo ƙasa. Sau uku, kullum wuri ɗaya ke komawa ƙasa.

"Kin gani? Ba tayar da ake ƙerawa nauyinta daidai ko'ina. Gefe ɗaya kan fi nauyi. In ana tafiya a hankali ba a ji. In aka yi gudu, wannan gefen sai ya riƙa fizgar tayar sama da ƙasa, sitiyari ya ɗauka. Shi ya sa ake maƙala 'yar dalma a ɗaya gefen, ta rama nauyin. Duba nan."

A bakin ƙarfen wilin akwai wani ɗan wuri mai haske, tsawon ɗan yatsa, inda datti bai taɓa zama ba. Gefensa duk ƙarce ne. Ya nuna mini irinsa a ɗaya tayar, da na baya ma.

"Nan suke da. Ba faɗuwa suka yi ba, ɓamɓare su aka yi, kuma da wuƙa. Wanda ya yi ba bakanike ba ne, amma yana da haƙuri."

Baba ya ce aikin bakaniken Tudun Jukun ne. Kawu ya ce ai ya faɗa, maƙiya ne, sai dai bai san sun iya wuƙa ba. Ni na san motar ta fara rawa kafin kowane bakanike ya taɓa ta, amma ba wanda ya tambaye ni, ni kuma ban tambayi kaina da ƙarfi ba.

Tsohon ya ɗauko wani gwangwanin madara cike da 'yan guntayen dalma masu maƙali. Ya sassauta birki don tayar ta juya sakayau, ya riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya, yana maƙalawa yana juyawa, har tayar ta koma tsayawa duk inda ta ga dama. Sannan ya buga da guduma. Ni kuwa na zana kowace taya a littafina, na auna da yatsuna daga bakin da ake sa iska zuwa inda dalmar take. Ta gaba ta hagu, yatsa huɗu. Muka fita gwaji. Hamsin da biyar, sittin, sittin da biyar. Baba ya saki hannu ɗaya daga sitiyari ya gyara hula. Kawu ya ce turare ba ya aiki nan take, sai ya ratsa.

Da la'asar na karanta wa Kaka komai, ina rawar jiki. Na nuna mata zanen. Na ce mata ɗan abin nan da bai kai ɗan yatsa ba shi ya kusa hana ni karatu, kuma ko guda ɗaya aka cire daga tayar gaba rawar za ta dawo, Baba ya juya da mu.

"Guda ɗaya tak?"

"Tak, Kaka."

"Ikon Allah," in ji ta, ta zari wata allurar daga matashi.

Tun daga ran nan nake shiga gareji ta ƙaramar ƙofa, safe da rana, ina ƙirga dalma. Juma'a suna nan. Asabar suna nan. Ranar Lahadi bayan azahar, gobe tafiya, na durƙusa a gaban tayar gaba ta hagu, na ga ɗan wuri mai haske da sabon ƙarce.

Na daɗe a durƙushe. In na faɗa wa Baba, zai tara unguwa, ya nemi mai unguwa, ya yi rantsuwa ta uku. Tsohon Wusasa kuwa ya faɗa mana ba ya taɓa sifana ranar Lahadi. Babbar ƙofa da kwaɗonta biyu, makullan na aljihun Baba. Saura ƙaramar.

A bakin ƙaramar ƙofar Baba ke ajiye butarsa. Ban san abin da ya sa na ɗauke ta ba. Na zubar da sauran ruwan, na kifa ta. A gindinta akwai liƙi huɗu, ruwan toka, masu laushin da farce ke shiga. Mako uku Baba na alwala sau biyar a rana da abin da yake yawon nema daga Tudun Jukun zuwa Wusasa, yana sa wa wadda ta yi aikin albarka.

Na shiga ɗaki. Kaka na kan gado da hula a hannu, 'yar wuƙar da take yanka goro na gefen matashi, bakin wuƙar ya ɗan lanƙwashe. Na tsaya a gabanta. Na miƙa hannu kawai, tafin a sama.

Ta yi ɗinki uku ko huɗu kamar ba ta gan ni ba. Ban janye hannun ba. Can ta soke allurar a jikin hula, ta jawo haɓar zaninta, ta kwance ƙullin da haƙoranta biyu da suka rage, ta ɗora mini dalmar a tafi. Da ɗuminta.

"Ki rufe mini ƙofa in kin fita, kaji na shigowa."

Maƙalin ya ɗan buɗe, na matse shi a tsakanin ƙofa da bango. Na buɗe littafi, na auna yatsa huɗu daga bakin iska, alamar allin tsohon ma ba ta gama gogewa ba. Guduma na wurin Baba, don haka da ɗan dutsen niƙa na buga ta, a hankali, ina tsayawa duk lokacin da na ji takun mutum. Na ja da farce, ba ta motsa ba.

Litinin muka fita bayan asuba. Ban kalli agogo ba ko sau ɗaya, idona na kan kibiya. Ta hau hamsin. Hamsin da biyar. Sittin. Goron Kawu na zaune a gaban mota kamar an dasa shi. Baba ya ce duk abin da mutum ya bi a sannu da tunani sai ya ga bayansa, shi ya sa bai yi gaggawa ba. Kawu ya ce a dai riƙa tunawa da wanda ya kawo garwashi. Mun isa da saura sa'a biyu, kuma sai da muka tsaya tambayar hanya sau uku a gaban mutane.

A ɗakin intabiyu wata mata mai tabarau ta tambaye ni abin da na koya kwanan nan wanda ba a aji ba. Na yi mata bayanin dalmar taya. Ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi wa baƙo. Bayan wata ɗaya takarda ta zo, an ɗauke ni.

Ban faɗa wa kowa zancen buta ba. Baba ya ci gaba da alwala da ita, yana kuma ci gaba da cewa duk ranar da ya kama ɓarawon dalmarsa sai ya kwana a ofishin 'yan doka.

Ranar da zan tafi, akwatina na tsakar ɗaki, na sayo allura fakiti biyu na zauna ina sa musu zare, kore da baƙi da ruwan ƙwai, ina jerawa a matashi har ya koma kamar bushiya. Na san ba za su kai ta mako ba. Kaka na kallona, ba ta ce sannu ba. Baba na waje yana danna ham, Kawu na gaya masa yadda ake dannawa. Na soke ta ƙarshe, na tattara duk ƙarfin halin da nake da shi.

"Kaka, me ya sa kika cire?"

"Wanne?"

"Duka."

Ta zari allura ɗaya, ta ɗaga ta wajen haske tana duba ko na yi ƙullin daidai.

"Na farkon, butar ubanki ke yoyo, na ga dalma zaune a jikin taya ba ta aikin komai. Na biyun kuwa, takwara, ke kika zauna nan a bakin gadon nan kika karanta mini, har da zane, kika ce in aka cire guda ɗaya ba ki zuwa Kaduna. Don ban yi boko ba, sai in ƙi ɗaukar karatu?"